Ƙanƙara a Kofin Mai Jego

Abin da na tashi na sani, shayi maganin sanyi ne. Da zarar ya huce sunansa saura, ko a mayar kan wuta ko a zubar. Da wannan sanin na sauka Doha yi wa 'yata wankan jego, tunda aikin asibiti ya hana ta zuwa gida haihuwar fari.

Na zo da kanwa da surfaffen gero da kayan yaji. Wankan ganye ta ƙi, wai likita ta hana. Na ce ke ma ai likita ce, ke kika hana kanki. Kunun kanwa kurɓa ɗaya ta yi don kunyata. Ga na'urar sanyaya ɗaki tana busa ɗanyen jiki ba hutu. Tsorona ɗaya ne: kada sanyi ya shige ta, ya kwanta a ƙashi, ya tashi ranar da ba na duniya.

Wata hantsi na buɗe firij, na tarar da shayi cike da jug, har da yankan lemon tsami. Na ce kai, an dafa, an bari ya huce, an ɓoye mini. Na juye a tukunya, na tafasa, na kai mata yana tururi.

Ta dubi kofin, ta dube ni. "Inna, ina shayina na firij?"

"Ga shi nan, na gyara miki."

"Da gangan fa na sanyaya shi. Da ƙanƙara ake sha."

"To me ya kai ki dafawa?"

"Ai sai an dafa ake sanyayawa."

"A hura wuta don neman sanyi? A wane aji aka koya muku wannan?"

Da furfura a kaina na shiga yaƙi da jahilci, na iya karatu, na iya lissafi, amma wannan lissafin ya ƙi fita.

Mijinta ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye, ya ce wai mutanen Amurka ne suka yaɗa shayin sanyi lokacin da ƙanƙara ta wadata, yanzu har a kwalba ake sayarwa. Na ce masu jegonsu ma sha suke yi? Ya ce bai bincika ba. Da yamma ya kai ni kasuwar Souq Waqif sayen citta. A teburi guda na ga wani yana busa shayin madara mai ƙona leɓe, abokinsa yana kaɗa ƙanƙara a nasa. Ba wanda ya faɗi a cikinsu. Na dawo a ruɗe fiye da yadda na tafi.

Washegari na dafa nawa, na maka citta da kanumfari da masoro ba tausayi. Ni da kaina na ajiye shi ya huce, na kau da kai ta zuba ƙanƙararta. Ta kurɓa, ta yi tari, gumi ya karyo mata a goshi.

"Inna, wannan ai wuta ce."

"Shanye, ba shawararki na nema ba."

Ta shanye, ta miƙo kofi a ƙara. Haka muka yi har arba'in. Gumin na gani, ƙanƙarar ma na gani.

Da na koma gida, tsaraina suka tambaya ko na gasa yarinya da kyau. Na ce ban sani ba, zafi na ba ta ko sanyi. Har yau in ta kira, kafin in tambayi jikana, gwiwoyinta nake fara tambaya.