Babin Gado da Yaya Iliyasu Bai Ƙarasa Ba

Ina kasuwar Assigamé, cikin cunkoson layin masu atamfa, Hajara matar Yaya Iliyasu ta kira ni. Ta kasa haɗa magana, sai maƙwabciyarsu ta karɓi wayar ta ce mota ta buge zemijan, wato ɗan acaɓan da ya ɗauko shi daga unguwar Amoutivé, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ƙame a tsakiyar hanya har wata mai talla ta ture ni tana zagina da yaren Mina, ban ma juya ba.

Ba ciki ɗaya muka fito ba, aiki ne ya haɗa mu. Gyaran kwamfuta muke yi a wani ɗan shago a Zongo, a nan kuma ya rubuta manhajar da malaman unguwa suke tsara karatunsu da ita a waya. Tsarin littattafan fiƙihu ya ɗauko: babi, ƙarƙashinsa fasali, ƙarƙashin fasali mas'ala. Hawa uku, ba ƙari. Ni kam wannan iyaka ta tsaya mini a rai, kuma bakina ba ya shiru.

Na ce, “Yaya, manhajojin waje mutum yana nitsawa ciki har ya gaji. Mu me ya sa muka tsaya a uku?”

Bai yi musu ba. Ya cire iyakar a wayarsa, ya yi ta jera reshe a ƙarƙashin reshe, kowane hawa yana tura rubutu gefe, har layi ya koma kalma ɗaya tal. Ya miƙo mini. “Bon, karanta. Wannan za ka ba dattijo mai tabarau a gaban jama'a?” Ya kan ce, duk ƙofar da ka ƙara wa gida, ka ƙara wa baƙo hanyar ɓata.

Wata rana wani tsoho ya shigo, wai karatunsa duka ya goge. Ashe babin ya ninke da yatsa bai sani ba, abin da ke ƙarƙashi ya ɓuya. Ni dariya ta kusa kuɓuce mini. Yaya ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, ya ce, “Baba, laifinmu ne.” Daga ranar duk babin da aka ninke yana nuna layin farko na abin da ya ɓoye, ko da hakan ya cinye wuri. Haka kuma ya hana a goge babi sai an kwashe abin da ke cikinsa. Mutane suka yi ta mita cewa ya cika wahalarwa. Amsarsa ɗaya: gara su zage ni da su zo suna kuka.

Abu ɗaya ne aka fi ƙarfinsa a kai. A tsarinsa kowace mas'ala gida ɗaya take da shi. Malam Sule, mai tafsirin masallacinmu, idonsa ya yi rauni, shekara da shekaru yana faɗa Yaya yana rubuta masa. Malam yana son hadisi guda ya zauna a babin gado, ya kuma zauna a babin zumunci. In an kwafe shi sau biyu, sai a gyara ɗaya a manta ɗayan. Malam ya nemi a bar abu ɗaya ya bayyana a wuri biyu, ni ma na goyi bayansa. Yaya ya ce, “Abu mai gida biyu, ranar da aka rushe ɗaya, wa zai gaya wa ɗayan?” Amma kunyar Malam ta ci shi. Ya fara kwashe karatun zuwa sabon tsari, yana tsaka da kwasar ajali ya riske shi.

Bayan addu'ar bakwai na buɗe kwamfutarsa. Babin gado yana nan, fasalolinsa a jere, amma mas'alolin fanko ne: kowace tana nuna wani wuri da bai kai ga ginawa ba. Na tabbata ya ajiye tsohon kwafi, domin shi ba mai ganganci ba ne, sai dai inda ya ajiye ya tafi da shi. Na nema har na gaji, na kai wa wani gwani a unguwar Djidjolé, shi ma ya girgiza kai. Ga azumi ya ƙarato, kuma bana Malam zai iso ayoyin gado, karatun da iyalai suke zuwa musamman su saurara saboda rigingimun da ke gidajensu.

Na tafi zauren Malam. Na durƙusa na gaya masa gaskiya. Sai ya tambaye ni:

“Karatun ba ya dawowa ke nan?”

“Allah gafarta Malam, ban ga alama ba.”

“To, ɗauko abin rubutunka. A tsohon tsarin za mu zuba, yadda Iliyasu ya so. Abin da na tuna mu rubuta.”

Kullum bayan la'asar yanzu ina gabansa. Wani wurin yana zubowa kamar ruwa, wani wurin sai ya tsaya, leɓensa na motsi, ba abin da ke fitowa. Jiya ya kakare a rabon kaka. Ya juyo inda nake zaune, ya ce, “Iliyasu, me na ce a nan?” Bai sake tambaya ba, sai ya sa hannun riga ya share fuskarsa. Wallahi ranar jana'iza ma ban yi kuka irin na jiya ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Iliyasu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajara haƙurin wannan rashi, Ka raya masa 'ya'yansa, kada su tozarta a bayansa. Malam Sule kuma, ya Rabbi, Ka riƙe masa abin da ya rage a kansa har mu gama rubutawa. Amin.