Ƙwaryar nonon da na kifar

Shekarun baya, lokacin da arzikin fetur ya fara shigowa ƙasar nan, ina masinja a wani ofis a Keffi. Ina fama da ciwon ciki, kamar an zuba mini garwashi a ƙasan ƙirji. Wata Bafulatana daga wata ruga a hanyar Agwada ce ke kawo mana nono a unguwarmu, Gangaren Tudu. Inna muke ce mata. In na sha sai ciwon ya lafa, can an jima ya dawo da ƙarfi.

Wani boka ya ce mai ba ni abin sha ce ke yi mini sammu. Ni kuma da ilimina na aji huɗu na ga ai magana ta fito. Washegari na tare ta a ƙofar gida, na kifar da ƙwaryarta a gaban jama'a.

"Ɗana, me na yi maka?"

"Kin fi ni sani," na ce.

Daga ranar babu wanda ya ƙara sayen nononta a unguwarmu. Ciwon kuwa bai tafi ko'ina ba.

Sai bayan kusan shekara ashirin aka ɗebi jinina a asibiti. Likita ya ce an ga garkuwar da jiki ke haɗawa don yaƙar wata ƙwayar cuta mai zama a ciki, ita ke jawo gyambon ciki. Ya ce yawanci tun yarinta ake ɗaukarta, a cikin gida.

"Ana tauna muku abinci kuna yara?" in ji shi.

Na gyaɗa kai. Mahaifiyata ta tauna mini, ni ma na tauna wa 'ya'yana.

"Nono fa, likita?"

"Nono kwantar da zafin yake yi na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Shi ke nan."

Nan take na tuna Inna da ƙwaryar da na kifar.

Da na gama shan magani na nemi rugar. Na same ta ta tsufa, ba ta gani sosai. Na durƙusa na faɗi komai, har da bayanin jinin.

"Ni na san ban yi ba," in ji ta. "Kai ne sai da aka huda ka da allura kafin ka yarda."

Ta sa aka kawo nono, ta riƙe ƙwaryar da hannunta tana sauraron maƙogwarona har na shanye.

Ta rasu tuntuni. Har yau in na ga mai tallan nono, ni nake fara sunkuyar da kai.