Gidan Kumfa a Kwalbar Malam

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar maigidana. Ba zan kama sunansa ba, ban kama ba yana da rai. Malam nake ce masa. Masunci ne ɗan masunta, a wani ƙauye na bakin Kwara a ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Benin. Masu tuna shi suna tuna manyan giwan ruwan da ya jawo da hannunsa. Ni wanda ya fi tsaya mini a rai kifi ne da bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Sai na fara da kaina don a gane. Ina da ƙuruciya jirginmu ya kife muna dawowa daga kasuwa. Na fito. 'Ya'yana biyu da ke tare da ni ba su fito ba. Daga ranar ban sake taka bakin ruwa ba. Ina gyara kifi, ina kyafawa, ina sayarwa, amma duk a tsakar gida. Hanyar da ta gangara kogi ko kallonta ba na yi. Malam bai taɓa cewa in je ba. Ya tashi gidanmu ya mayar kan tudu, ya haƙa rijiya, bai kuma ce don ni ya yi ba.

Da tsufa ya zo, ciwo ya shanye masa ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, ƙafa ta mutu, baki ya karkace. In ya yi magana ni kaɗai ke ganewa da kyau. Mutumin da asuba ba ta taɓa samunsa a ɗaki ba ya koma kallon bango. In na kawo kunu ya kau da kai. Na san mai shirin tafiya in na gan shi.

Ana haka sai ga Mudi, abokinsa tun na yarinta, Badende ne na wancan ƙetaren, yana fatauci tsakanin Malanbil ta Benin da Lolo ta wajenmu. Ya shigo da babbar kwalbar alawa cike da ruwa, ya dire gaban tabarma.

"Sarkin ruwa, juyo ga abokin gaba na kawo maka. Wanga ko da hannu guda ka iya mai."

Malam ya juyo da ƙyar. Ya daɗe yana kallo. "Wanga kihi ne ko tsumma?"

"Daga Kwatano ya hito. Can kwambatan suke ce mai, wato mayaƙi. In ka haɗa maza biyu wuri guda sai an ɗauki gawa."

"Ana cin shi?"

"Ba a ci."

"To mi amfaninai?"

"Kallo," in ji Mudi. "Kamar kai yanzu."

Na ɗauka Malam zai yi fushi. Sai na ji wani sauti daga maƙogwaronsa. Dariya ce. Ranar ya sha kunu.

Kifin ja ne irin jan zoɓo mai kauri, bakin fukafukansa shuɗi kamar an tsoma a baban rini. Wutsiyarsa ta fi jikinsa, tana bin sa kamar gyale. Tsutsotsin sauro muke ba shi daga tsohuwar tukunya a bayan ɗaki. Kalarsa ba ta zama ɗaya. In rana ta ɗumama ɗaki sai ya yi jawur. In aka buga kwalbar ko sanyi ya sauka sai ya koɗe, har wasu layuka su fito masa a jiki. Malam ya gano in ya kara masa madubina sai ya buɗe kumatu, ya baje fukafukai, ya yi jawur kamar garwashi, yana neman faɗa da kansa.

Lokacin shari'a ba ta daɗe da shigowa jiharmu ba, kowa na sa ido a kan kowa. Mu masunta dama ana cewa muna da asirin ruwa. Sai magana ta zagaya wai Malam ya ajiye aljani a kwalba, shi ya sa yake sauya kala. Liman ya zo gaisuwa, ya tsuguna ya duba. Ya ce halittar Allah ce, mu dai kada mu bar shi da yunwa. Daga nan ya zauna kallo har sai da aka aiko ana jiransa sallar la'asar.

Yanzu irin kifin ya zama ba baƙo ba. Jikata ta ce ana sayar da shi a birni cikin leda, ta nuna mini a waya, fari da rawaya da wanda ya haɗa kala uku, ta ce sunansa beta. Duk abin da kake son sani a kansa wayar za ta faɗa maka kafin ka gama tambaya. Ina tunanin abin da Malam zai ce. Ina jin zai ce wanda aka faɗa wa bai sani ba, ya dai ji. Shi da kwanciya ya koya, da ido, kuma sai da ya yi kuskure tukuna.

Wata safiya muka ga kumfa a saman ruwan, ta taru a gefe guda. A wurin masunci kumfa a kan ruwan da ba ya gudu ba alheri ba ce. Ko ruwa ya ruɓe, ko wani mugu ya zuba maganin kashe kifi. Malam ya ce in kwashe, in sake ruwa. Na sa ludayi na kwashe, na zuba na randa mai sanyi. Washegari kumfa ta dawo. Na sake kwashewa. Haka muka yi ta yi. Kifin ya koɗe, ya zama kamar tsohon zanen da ya sha wanki, ya naɗe wutsiya ya kwanta a ƙasan kwalba. Malam ya ƙara tsananta sauya ruwa, yana cewa cutar ta yi ƙarfi. Shi ma cin abincinsa ya ja baya.

Sai aka yi mana rasuwa a Zagga, na tafi ta'aziyya na kwana biyu. Matar ɗanmu ta kula da Malam, amma kwalbar ta ce ba za ta taɓa ba. Da na dawo na tarar da kumfa ta rufe rabin ruwan, ta yi tudu. Kifin yana ƙarƙashinta, ja kamar ranar da ya zo. Na miƙa hannu ga ludayi.

"Kak ki taɓa," in ji Malam. "Zauna ki gani."

Na zauna. Kifin ya hau sama ya ɗebi iska da baki, ya komo ƙarƙashin kumfar, ya saki ƙwaya guda. Ya sake hawa. Ya sake saki. Ɗaya bayan ɗaya, ba gajiya.

"Gida ne," in ji shi. "Na ƙwai. Kullum shina gini muna rushewa."

Malam yana da doka tun yana saurayi. Kifin da ake kira yauni na yin sheƙa da ciyawa a fadama in ruwa ya cika, bargi ma haka. Bai taɓa jefa taru a kan kifin da ke tsaron sheƙa ba, ko gida ba abin miya. Yaransa na jirgi sun sha mari a kan wannan. Yau da ake zuba taru mai ido kamar gidan sauro, ana kwashe uwa da ƙwai da 'ya'ya, ana kukan kogi ya ƙare, na san abin da zai yi da yana nan. Tofar da yawu zai yi ya juya.

To ga shi da kansa ya sa an yi ta rushe sheƙa a cikin ɗakinsa. Abin ya dame shi. Ya sa Mudi ya nemo mace. Mudi ya dawo ya ce masu kawowa maza kawai suke ɗauka, don matan ba su da kalar da za a saya. Kwanaki suka wuce, kifin na ta gini ba mai shiga. Rannan ya ce:

"A kai shi Kwara. Kihin da ya yi gida ba a tsare shi."

Na ce a ba ɗanmu ya kai.

"Ni za ni kai shi."

"To a ɗauke ka."

"Hannuna guda ne, da shi za ni riƙe amalanke. Ke za ki riƙe kwalba."

Na ce masa ya san ba na zuwa. Ya ce ya sani. Na kawo tuwo ya kau da kai. Washegari ma haka. Ya koma kallon bango, kwalbar ma ya daina juyowa gare ta. Na zauna a bakin murhu na auna. Ruwa ya karɓi biyu a hannuna ina gani. Na ukun, Malam, a tudu zai tafi, in na ƙi.

Mudi ya aro amalanken shanu. Muka kwantar da Malam da matasai, na zauna na rungume kwalbar. Da muka fara gangara na ji ƙamshin laka. Ban ɗaga kai ba. Kifin nake kallo. Girgizar hanya ta sa ya koɗe fari fat, layukan nan sun fito, kumfar duk ta watse.

Muka tsaya. Na ji ƙarar ruwa a jikin jirage. Malam ya ce a ta da shi zaune. Ya daɗe yana kallon kogin, bakinsa na motsi. Masunta suka taso gaishe shi, ya ɗaga musu hannu su dakata.

"Shiga da shi," ya ce mini. "Ba a jefa kihi daga tudu."

Na sauka. Na taka laka, na taka ruwa, ya kawo mini idon sawu, ya kawo ƙwauri. Da ɗumi. Ban zaci zai yi ɗumi ba. Na sunkuya na karkata bakin kwalbar.

"Tsaya," in ji Malam.

Na tsaya.

"Ruwan ya yi mai yawa. Ko ƙurungu ya gan shi loma guda ne. Maido shi."

Mudi ya ce, "Kai tsohon banza, don wanga ka sa muka wahal da shanun mutane?"

"Shanunka ne?" in ji Malam.

Suka shiga zagin juna kamar yadda suka saba. Ni ina tsaye a cikin ruwa da kwalba a ƙirji. Da na waiwayo, ba kifin Malam yake kallo ba. Ƙafafuna yake kallo. Ban fito nan da nan ba. Na kira sunayen 'ya'yana a zuciyata, na yi musu addu'ar da ban taɓa yi a gaban ruwan ba.

Da muka koma gida ya ci tuwo. Kwana kaɗan kifin ya dawo da kalarsa, ya sake gini, ba wanda ya sake taɓawa. Malam ya kai damina ta gaba, Allah ya karɓi abinsa. Kifin ya ɗan jima bayansa, jan ya yi ta ja baya da tsufa har ya zama ruwan ƙasa, wata safiya na same shi a kwance. Mudi ma ya bi su.

Jirgin Malam ya ruɓe. Tarunsa an raba. Yaran da suka yi aiki ƙarƙashinsa wasu sun bar kamun kifi sun koma acaba. Dokarsa ta sheƙa ban san ko mutum nawa ke riƙe da ita ba. Abin da na san ya rage shi ne ni nake sauka bakin ruwa da kaina in sayi kifi daga jirgi, in wanke hannu, wani lokaci in zauna ba dalili.

Mutumin da ya san kowane baki mai haɗiyar kifi da ke cikin Kwara, tun yana kan tabarma ya san abin da zai sami ɗan kifin nan a kogi. Ba sai ya je ya gani ba. Ko don ni ya sa aka je, ban tambaye shi ba a hanyar dawowa, ban tambaye shi ba har ya tafi. Mu ba masu irin wannan magana ba ne. Allah ya haskaka kabarinka, Malam, ya haɗa ka da 'ya'yanmu biyu. Tambayar tana nan, na riƙe maka.