Azumin Mati Mai Haƙar Rijiya

Mati mai haƙar rijiya ne a wani ƙauye gabas da Bici. A shekarun fari, da rijiyoyi suka ƙafe, shi ake kira ya ƙara musu zurfi. Giya kuwa tun yana saurayi ya koyo ta a wurin aikin dam, yakan shigo da ita gida a jarkar kananzir. Matarsa Safiyatu ce ke wanke jarkar, tana wankewa tana cizon leɓe.

A idonta ya sauya. Gemunsa ya zube, ƙirjinsa ya taso kamar na budurwa har ya daina tuɓe riga a bakin rijiya, haihuwa ta tsaya musu a kan 'ya ɗaya. Duk azumi yakan ajiye jarkar don tsoron Allah. Ranar uku sai karkarwa ta kama shi, ya riƙa ganin kunamu a bango. Mutanen gari suka ce aljanin rijiya ne, ba ya son azumi.

Da Safiyatu ta kai 'yarta allura Bici, ta cire kunya ta tambayi malamin asibiti. Ya ce hantar ce ta gaji, ta kasa daidaita sinadaran da ke riƙe da jikin namiji. Ƙwaƙwalwa kuwa, giya na danne ta, ita tana turjewa, kamar mutum biyu suna jan igiya. In ɗaya ya saki farat ɗaya, ɗayan zai kifa. "In zai bari, a kawo shi nan ya bari a gabanmu. A gida karkarwar tana iya kashe shi."

Azumin shekarar, ranar uku, Mati ya faɗi a tsakar gida yana shure-shure. Wansa Muntaka, mai gidan, ya sa aka ɗaure shi a ɗaki, aka kunna turare.

Safiyatu ta ce, "Yaya, a kai shi Bici. Ba aljani ba ne, kai ma ka sani."

"Na san me? In kwashi ƙanena a amalanke, a rubuta mashayi a kati, gobe wa zai nemi auren 'ya'yana?"

"To su auru, shi ya mutu?"

"Ke da kika ɓoye masa jarka shekara goma, yau kika zama likita? Koma ɗaki."

Ta roƙi mai amalanke, ya ce sai da izinin mai gida. Ta kama hanyar Bici a ƙafa da azumi a bakinta. Kafin ta dawo da malamin asibiti a bayan babur, an riga an yi wa Mati wanka.

Ranar addu'ar uku zaure ya cika, Muntaka yana ba masu gaisuwa labarin aljanin rijiya. Safiyatu ta fito cikin takaba, abin da ba a taɓa gani ba. Ta dire jarkar a tsakiyar tabarma, ta cire murfin, warin ya cika zauren.

"Ga aljanin," ta ce. "Yaya ya san sunansa."