Zanen da Inna Ta Goge

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Yau zan yi magana.

Da ƙullutu ya fara, a maman hagu. Daga Birnin Kudu aka tura ni Kano, aka ce sankara ce. Muka sayar da shanunmu, aka yanke maman.

A hanyar zuwa duba ni tirela ta murƙushe motar da Malam, mijina, yake ciki. Ina cikin takaba aka kira ni gashi, wato ƙona ragowar ciwon da hasken na'ura.

Aka ɗauki hoton ƙirjina, aka zana min layuka da tawada. Likita ta ce, "Hajiya, zuciyarki na dab da wurin. Kwamfuta za ta yi ta gwada hanyoyi, har ta samo inda hasken zai ƙone ciwon ya bar zuciyar. Da zanen nan za mu saita ki. Kada ya goge."

Na koma garinmu Sara jiran lissafin kwamfuta. Hannuna ba ya ɗaguwa, Inna, uwar Malam, ke min wanka. Tana ganin layukan ta ɗauki soso.

"Ɗana bai huce a kabari ba, kike zanen kwalliya?"

Na ce na asibiti ne. Ta danne ni, ta dirza har tabon ya fashe, jini ya bi ruwa. Na yi ihu, na hankaɗe ta, ta faɗi kan bokiti. Muka zauna a ƙasa muna kuka.

Da ita muka koma Kano. Likita ta ce sai wurin ya warke, a sake hoto da zane da lissafi. Inna ta ce, "A gasa ta haka mana, 'yar nan."

"Inna, idan muka kauce kaɗan, zuciyarta za mu gasa."

Jiran nan ya fi wuƙa ciwo. Da aka fara gashin, fatata ta yi baƙi ta saɓule, ko mayafi ya taɓa ni sai na ciji leɓe.

Yanzu hoto ya nuna ba komai. Alhamdulillahi. Na gode wa duk wanda ya yi min addu'a. Ku sa Malam a ciki.

'Yan uwa mata, kun ji ƙullutu, ku tafi asibiti. In an yi muku zane, ku kai mai yi muku wanka ta ji bayani da kunnenta.

Har aka gama gashin, kullum Inna sai ta rufe zanen da tafin hannunta kafin ta zuba ruwa.