Karen Likita a Rumbun Gubuchi

Ban taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, ranar da aka aike ni Gubuchi in kashe karnukan garin kaf. Lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi na En'e a Ikara, saura 'yan shekaru a ba da mulkin kai. Ku na yanzu da kuke zuwa aiki a kan babur kuna kukan gajiya, to mu keke ne da jakar allura, daga Furana har Taba, muna bin rugage muna yi wa shanu rigakafin cutar bushiya. Shugabanmu likitan dabbobi ne, Bature, muna ce masa Mai Lofe don ba a raba bakinsa da lofen taba. Sha'anin mulki kuwa yana hannun Edi'o, wato ƙaramin Di'o, shi ke zaga gundumomi yana ba da oda.

Mai Lofe ya dawo daga hutu da wani kare wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Dogayen ƙafafu, launin toka, idanu rawaya, ga gashi kamar an yafa masa bargo. Wata rana a zango na tambaye shi asalinsa. Ya ce wani mutum ne a ƙasar Holan ya ga karnukansu sun zama 'yan gata sun lalace, sai ya samo macen kyarkeci daga gidan ajiye namun daji, ya haɗa ta da karen kiwon tumaki na Jamus. Kyarkecin can ba irin namu mai dabbare-dabbare ba ne, ya fi girma, kuma a cikin sanyi ya tashi. Mutumin jarumin kare yake nema, sai 'ya'yan suka ɗauko ƙarfin uwar, suka haɗa har da gudun mutane irin nata. Shi wannan na likita ba ya haushi, sai wani dogon kuka. In baƙo ya zo ba ya tare shi, bayan ɗaki yake komawa. Mutum ɗaya ya sani a duniya, shi ne ubangidansa. Na ce a raina, ikon Allah, an sha wannan wahala duka an ƙera matsoraci! Muka sa masa suna Bebe.

Ana tsakiyar bazara zazzaɓi ya kwantar da likita, aka ɗauke shi a mota zuwa asibitin Zariya. Aka bar Bebe wurin kuku. Ashe kwana biyu da tafiyar karen ya cinye igiya ya bi hanyar da motar ta bi, kuku kuma don tsoro ya ja bakinsa ya yi gum. Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Takarda kawai na gani daga Edi'o: mahaukacin kare ya shiga Gubuchi, ya ciji karnuka biyu, a kashe duk karen da ke garin da kewayensa. Yadda ake yi a lokacin, malamin dabbobi ya tafi da guba da 'yan doka biyu, a sa a nama a ba karnuka, a haƙa rami a binne su.

Da muka isa, bayan na gaida dagaci, sai ga wani dattijo ya zo ya durƙusa. Sarkin Baka Mati ke nan, shugaban maharban garin. Na ce, "Haba Baba, tashi don Allah, kai ne za ka durƙusa mini?" Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Ikara, sannan ya ce, "Malam, karnuka bakwai gare ni. Su ke korar birai da mugun dawa daga raken fadama, su ne garmata, su ne fartanyata. In za ka binne su, ka sa a faɗaɗa ramin, don har da ni."

Na ce a nuna mini mahaukacin. Sun kora shi cikin wani tsohon rumbu da ya fashe ta gindi, sun toshe da ƙaya, har an fara tara kara za a cinna wuta. Kowa na ba ni shaida: ba ya haushi, wutsiya a ƙasa, harshe a waje, miyau na dalala, in ya ga mutum ya kauce. Kuma ba ƙarya suka yi ba, duk wanda ya tashi a ƙauye da waɗannan alamu ya san mahaukacin kare. Na hau turmi na leƙa ta sama. Sai ga idanu rawaya suna kallona.

"La'ilaha illallahu! Bebe, kai ne?"

Wutsiyar haka Allah ya yi ta. Miyau kuwa, ku sa bargo ku yi gudun yini guda a ranar bazara mu ga naku. Cizon ma sai da aka cuna masa karnuka ya rasa hanyar gudu. Na daka tsawa na ce kada wanda ya ƙyasta ashana, don in ya ƙone babu sauran shaida, oda ta tabbata. Na bar 'yan doka suna gadi, na taka keke sai barikin Makarfi inda Edi'o ya sauka.

Yaro ne sabon zuwa, Hausarsa ta littafi. Na ce, "Ranka ya daɗe, karen nan na likita ne, lafiyarsa lau." Ya ce, "Malam, ka karanta takarda ko ba ka karanta ba?" Na ce na karanta, amma a ƙa'idar aikinmu karen da ya yi cizo ɗaure shi ake yi kwana goma. In akwai hauka a miyansa ranar da ya yi cizon, ba zai kai goman da rai ba. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Can ya ce, "Kwana goma. In ya mutu, ko mene ne ya kashe shi, ranar nan za a cika oda." Na ce na ji, na gode.

Na komo ina ta fara'a, ashe wahalar tana gaba. Muka buɗe saman rumbun don iska, muka rataya jiƙaƙƙun buhuna, aka ɗaure karnukan gari kowa a gidansa. Amma Bebe ya ƙi cin abinci. Na ba shi tuwo da miya, ya ƙi. Na ba shi madara, na ba shi dafaffen nama, ko shinshinawa bai yi ba. Ga jama'a kullum cincirindo, har daga ƙauyuka ana zuwa kallon karen Bature. Rana ta huɗu ya kwanta, haƙarƙari duk a waje. Tsoro ya kama ni sosai, domin in yunwa ta kashe shi takarda hauka za ta ce.

Sarkin Baka ya same ni zaune na yi tagumi. Ya ce, "Malam, ba ka ce rabinsa na dawa ba ne?" Na ce haka ne. Ya ce, "To kai rabin gidan kake ta yi wa girki. Naman dawa ba ya ci ana kallonsa, ba ya cin abin da ya ga wuta, kuma kyarkeci bai iya zaman kaɗaici ba, garke gare shi." Ni da na yi makaranta, kunya ta rufe ni.

Nan take ya sa dagaci ya kori 'yan kallo, aka kewaye wurin da zana. Ya shiga daji ya harbo zomo, ya jefa masa da gashinsa da jininsa. Sannan ya jawo tsohuwar karyarsa Dunƙule, ɗaya daga cikin biyun da aka ciza, ya ɗaure ta a bakin fashewar rumbun. Na ce, "Baba, in fa ni ne na yi kuskure?" Ya ce, "Ai in ka yi kuskure dama ta mutu." Muka koma bayan zana muka tsuguna, muna leƙe ta tsagar zanan. Dunƙule ta yi ta shinshina tana kaɗa wutsiya. An fi sa'a guda ba motsi. Can sai muka ji ƙurus, ƙurus, ƙashi na fashewa. Dattijon nan ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Daga ranar kullum zomo ɗaya ko gafiya, Bebe ya miƙe, har ya riƙa zuro hanci yana lasar kunnen Dunƙule.

Rana ta goma Edi'o ya zo da kansa, gari ya fito ƙwai da kwarkwata. Ya leƙa rumbu, ya ce a kawo ruwa, don an ce mahaukacin kare ba ya iya shan ruwa. Aka zura ƙwarya, Bebe ya shanye tas har yana lasar gindinta. Edi'o ya karɓi takardar daga hannuna, ya ja mata layi da alƙalami, ya sa hannu, ya ce, "Malam, ka yi gaskiya." Kafin ya rufe baki Sarkin Baka ya ɗaga bindigarsa ya ɗirka ta sama, daram! Bature ya yi tsalle, hularsa ta faɗi, mata suka ɗauki guɗa. Ni kuwa daɗi kamar an biya mini Makka. Bayan mako guda likita ya warke ya zo ya ɗauki abinsa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ƙa'idar kwana goma a makaranta na koyo ta, kuma ita ta tsayar da guba. Amma da ita kaɗai na dogara, da Bebe ya mutu a rana ta shida an binne karnukan garin. Saboda haka in kun shiga gari, kafin ku buɗe jaka ku tambayi wanda ya fi kowa daɗewa da dabbar, ku zauna ku saurare shi ko da bai san bihim ba. Na ga Sarkin Baka a rana ta goman nan yana kwance karnukansa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan kowanne, hawaye na bin gemunsa. Da ya kai na bakwai sai ya juyo ya ce, "Malam, duba, duk suna nan."