Ƙoƙiƙoƙin Yaya Hamidu da Ƙaryar da Na Yi Masa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Hamidu makwancinsa a nan Jidda, kuma abin da zan rubuta yau ban taɓa faɗa wa ko matata ba. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya samo mini kafili, wato uban gidan da ke tsaya wa baƙo kan takardun zama, da aikin tuƙi a wani gida a unguwar Abhur.

Yaya ma'aikacin sito ne a tashar jiragen ruwa, amma in ka ambace shi a unguwarsa ta Madain Fahd sai a ce, wai mai ƙwari? Ƙoƙiƙoƙi yake kiwo a saman bene, cikin kwalaben zaitun da ya huhhuda murafunsu. Ana yi masa tsiya, kowa na kiwon tattabaru shi ya ɓige da ƙwaro, amma ko a jikinsa. Dokarsa ɗaya ce. Waɗanda suka fito daga kumfar ƙwai ɗaya ba ya haɗa su barbara. Kowace shekara sai ya je lambunan Abhur ya kamo sababbin maza, don a cewarsa jini in ya yi ta juyawa a gida ɗaya gajiya yake yi.

Da ciwon sukari ya hana shi hawa bene, sai muka sauko da matan ƙwarin zuwa ɗakinsa, ya ɗora mini kamo mazan tunda kullum ina can. Ranar farko ina tsugune cikin furannin kafilina da kwalba a hannu, wani baƙonsa ya leƙo ya tambaya ko takari, wato mu 'yan Afirka, har wannan ma suna ci. Aka kwashe da dariya. Na jefar da kwalbar, na rantse ban ƙara.

Maimakon in gaya wa Yaya, sai na riƙa hawa benensa in ɗauko namiji daga cikin nasa, in shigo da shi ta ƙofar waje kamar daga Abhur nake. Shekara uku ina wannan rashin kunyar. Wa da ƙanwa nake sa shi yana haɗawa, shi kuma yana sa mini albarka.

Abin bai ɓoyu ba. Ƙwai ya riƙa ƙin ƙyanƙyashewa. Waɗanda suka fito sai su maƙale wajen saɓa, ƙafafu a karkace, ƙuda na gabansu ba sa iya cafkewa. Yaya ya sauya musu abinci, ya sauya taga, ya kashe na'urar sanyi ya zauna cikin zafin Jidda da ciwonsa. Sau ɗaya ya tambaye ni daga wane lambu na kamo, na zayyana masa lambun da ban taɓa shiga ba. Ranar da ta ƙarshe ta mutu ya daɗe yana juya kwalbar.

"Halas, shi ke nan, Idi," in ji shi. "Abin da na iya shekara ashirin ya kuɓuce mini. Tsufa ne."

Na ce masa sai haƙuri. Wallahi abin da na ce ke nan. Wata biyu bayan haka ya rasu.

Yanzu 'yarsa Zinatu takan karanto mini a waya yadda masu kiwon ƙwari ke gargaɗi kan haɗa 'yan gida ɗaya, tana mamakin babanta ya san haka ba tare da littafi ba. Da yana nan da dariya zai yi, ya ce yalla, maza a ba shi wayar ya gani. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da ni. Ina jin ba zai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Kwalaben an daɗe da zubar da su. Abin da ya rage a unguwa labari ne, wai Hamidu ya tsufa ƙwarinsa suka ƙare a hannunsa. Zinatu ma haka ta sani, kuma ita ke karanta mini jaridar nan da wannan rubutu zai fito a ciki. Babanki bai manta komai ba, Zinatu. Ni ne na ji kunyar tsuguno a gaban baƙi, na bar shi ya tafi yana zargin kansa.